Me Ya Sa Kurciyar Da Na Ceta Ta Mutu Bayan Ta Fara Samun Sauƙi?

"Assalamu alaikum, likita. Kwanakin baya na ƙwace wata kurciya daga bakin kyanwa. Ban ga jini sosai a jikinta ba, sai dai fiffikenta ɗaya ya saki. Na sa ta a keji, na ɗura mata ruwa da sirinji, kuma ina yawan fito da ita ina shafa ta don ta saki jiki da ni. A rana ta biyu har ta ɗan ci abinci, amma da safiyar rana ta uku sai na tarar ta mutu. Wannan shi ne karo na biyu, domin a bara na tsinci wani ɗan zomon daji shi kaɗai a cikin ciyawa, na shayar da shi madara, shi ma bai yi mako ba. Shin laifina ne? Kuma akwai amfani a irin wannan ƙoƙari, ko gara a bar su da halinsu? Ina so in koyi aikin nan da gaske."

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: abin da ya kashe kurciyar da ɗan zomon, abin da ya kamata a yi idan irin haka ta sake faruwa, da kuma ko aikin ceton namun daji ya cancanci wahalar da ɓacin ran da ke tattare da shi. Ban ga kurciyar da idona ba, kuma ba a yanke hukunci a kan sanadin mutuwar dabba sai an buɗe gawarta an duba, don haka abin da zan faɗa miki shi ne abin da bayaninki ya fi nunawa, gwargwadon abin da na saba gani a shekarun da na yi ina karɓar tsuntsaye da ƙananan dabbobin da mutane suke kawowa.

Kafin komai akwai wata gaskiya da duk aikin ya ginu a kanta. Dabbar daji ba ta san cewa taimakonta ake yi ba. A wurinta, hannun da ya ɗauke ta hannun mafarauci ne, idon da yake kallon ta idon mai shirin cinye ta ne, muryar da take lallashinta kuwa alama ce cewa abokin gaba yana kusa. Tsuntsun da ya yi lamo a tafin hannunki bai saki jiki ba, tsoro ne ya sandarar da shi, ko kuma ƙarfinsa ne ya ƙare. Bugu da ƙari, namun daji sun ƙware wajen ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Saboda haka duk babban tsuntsun da mutum ya iya kamawa da hannu, to ciwonsa ya riga ya yi nisa fiye da yadda ido yake gani.

Abin da ya fi yiwuwa ya faru da kurciyar

Zargina na farko yana kan bakin kyanwar. Haƙoran kyanwa sirara ne kamar allura, suna shiga su fita su bar ɗan huji wanda gashin tsuntsu yake rufewa nan take, kuma a yawunta akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Pasteurella multocida, wadda idan ta shiga jinin tsuntsu takan kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idan aka kawo mini tsuntsun da kyanwa ta taɓa, nakan riƙe shi a ƙarƙashin fitila in riƙa hura gashinsa a hankali da bakina, daga wuya zuwa baya zuwa ƙarƙashin fukafukai, kuma sau da yawa sai na yi zagaye biyu kafin in ga wani ɗigon ja wanda bai fi kan tsinke ba. Ko da ban ga komai ba, ina fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta a ranar, domin jira a ga alama daidai yake da jiran mutuwarsa. Yadda kika bayyana lamarin, wato ta farfaɗo, ta ci abinci, sannan ta faɗi a rana ta uku, shi ne ainihin tafiyar wannan cuta. Idan haka ne, babu abin da za ki iya yi a gida da zai tsare ta, in ban da kai ta wurin likitan dabbobi a sa'o'in farko.

Abu na biyu shi ne ruwan da aka ɗura mata. Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshensa, a buɗe, kuma tsuntsun da yake cikin firgici yana haki, don haka ɗigo kaɗan ya isa ya bi ta nan ya sauka cikin huhu. Wani lokaci tsuntsun yakan shaƙe a take, wani lokaci kuma ruwan yakan zauna ya zama ciwon huhu bayan kwana biyu. Kurciya ma tana cikin tsuntsayen da suke tsoma baki a ruwa su zuƙa da kansu ba tare da ɗaga kai ba, saboda haka ɗan ruwa a murfi marar zurfi ya ishe ta idan ta sami natsuwa.

Na uku shi ne yawan ɗauka da shafa. Zafin jikin tsuntsu yana kai digiri 40 zuwa 42, zuciyarsa tana bugawa ɗaruruwa a minti ɗaya, kuma yana ƙona ƙarfinsa da sauri ƙwarai. Duk lokacin da aka fito da shi, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen warkar da rauni sai ya tafi wajen tsoro. Tsuntsu kuma da motsin ƙashin ƙirjinsa yake numfashi, don haka riƙon da ya ɗan matse ƙirjin yana iya hana shi shan iska. A manyan dabbobi irin su barewa da gada, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu irin su gauraka, tsoron kamu da kokawa kan narkar da naman jikinsu, gubar da ta fito ta lalata ƙoda, dabbar ta mutu bayan kwanaki alhali raunin da aka kamo ta dominsa ya fara warkewa. Kejin waya ma yana da tasa illar, domin tsuntsun yana ganin waje, yana ta dukan waya yana karya gashin da zai tashi da shi.

Batun ɗan zomon ya fi sauƙin bayani, ko da yake ya fi ciwo. Mai yiwuwa ne ƙwarai ba maraya ba ne. Uwar zomon daji takan bar 'ya'yanta a kwance cikin ciyawa yini guda, ta zo sau ɗaya bayan faɗuwar rana ta shayar da su na 'yan mintoci ta tafi, domin zamanta kusa da su shi ne zai jawo musu dila ko shaho. Barewa da gada ma sukan bar 'ya'yansu a ɓoye su kaɗai. Nonon zomo yana da kauri da maiƙo sosai, madarar shanu kuwa ba ta dace da cikinsa ba, takan kumbura shi ta sa shi zawo, kuma zawo a jikin da bai cika tafin hannu ba yana gamawa da shi cikin ɗan lokaci. Haka abin yake ga 'yan tsuntsaye. Wanda gashi ya rufe shi, yana tsalle a ƙasa, koyon tashi yake yi kuma iyayensa suna kusa suna ciyar da shi. Wanda yake tsirara ko gashinsa bai fito sosai ba, a mayar da shi sheƙarsa idan ana iya kaiwa gare ta. Maganar da ake yi cewa iyaye suna ƙin ɗan da mutum ya taɓa ba ta da tushe, na sha mayar da su da hannuna in koma nesa in ga uwar ta dawo da abinci a baki.

To, laifinki ne? Kin yi kurakurai, ba zan ɓoye miki ba, kuma su ne kurakuran da kusan kowa yake farawa da su, har da ni. Amma a game da kurciyar, na fi kyautata zaton cewa cizon ne ya kashe ta, kuma da ba ki ƙwace ta ba da ta mutu tun a ranar.

Sa'o'in farko

Abin da dabbar da ta ji rauni take buƙata da farko shi ne duhu, ɗumi da shiru. A lulluɓe ta da tawul ko wani ƙyalle, a rufe mata kai, a ɗauke ta da fukafukanta a naɗe a jikinta, a sa ta cikin kwalin da aka huda wa ƙananan ramuka aka shimfiɗa masa tsumma, a rufe, a ajiye a ɗakin da babu yara, babu kyanwa, babu rediyo. Idan jikinta ya yi sanyi, a naɗe gorar ruwan ɗumi a ƙyalle a ajiye a gefe ɗaya na kwalin, yadda za ta iya matsawa idan zafin ya yi mata yawa. Kada a ba ta abinci, kada a ɗura mata ruwa, kada a riƙa leƙawa. Daga nan sai a nemi likitan dabbobi ko cibiyar kula da namun daji, a kuma riƙe ainihin wurin da aka tsince ta, domin can za a mayar da ita.

Mutane sukan yi mamakin hana abinci. Dalili shi ne cikin dabbar da ta yi sanyi ko ruwan jikinta ya ƙare ba ya narkar da komai, abincin sai ya zauna ya ruɓe. Wadda ta daɗe da yunwa kuwa, wadda idan na shafa ƙirjinta nake jin ƙashin ya fito da kaifi kamar bakin wuƙa, cika mata ciki lokaci ɗaya yana iya tsayar da zuciyarta. Tsarin da muke bi shi ne ɗumi tukuna, sannan ƙarin ruwa, sannan abinci kaɗan-kaɗan. Tsuntsun da ya bugi gilashin taga yakan farfaɗo bayan sa'a ɗaya ko biyu a cikin kwali, amma wasu suna da zubar jini a cikin kai wadda sai daga baya take bayyana, shi ya sa na fi son a kawo su a duba ko da sun miƙe.

Ki kuma kula da kanki. Shaho da mujiya da farcensu suke kamu, kuma riƙonsu yana huda fata har nama, zalɓe kuwa ido yake nufa da dogon bakinsa. Jemage, dila da sauran masu cizo suna iya ɗauke da ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira, saboda haka ba a taɓa su da hannu tsirara, kuma idan an sami cizo ko yaƙushi a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti a ranar. Idan aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu ko suna layi a wuri ɗaya, musamman na ruwa, ana zargin murar tsuntsaye ko guba, wannan kuwa aikin hukuma ne, a sanar da ita. A ƙasashe da yawa ma doka ba ta yarda mutum ya ajiye dabbar daji ba sai da izini, ko da niyyarsa ta alheri ce.

Wurin da aikin ya fi nauyi

Masu sha'awar wannan aiki sukan ɗauka cewa nasara ita ce dabba ta rayu. A wurinmu ma'aunin ya fi haka tsanani: shin za ta iya komawa daji ta ciyar da kanta, ta guje wa maƙiyanta, ta zauna da 'yan'uwanta? Ƙashin tsuntsu yana haɗewa da sauri, sau da yawa cikin mako uku, kuma wannan saurin alheri ne idan an yi ɗori daidai a kwanakin farko, amma masifa ne idan an makara, domin sai ya haɗe a karkace. Karayar da take tsakiyar ƙashi tana da kyakkyawan fata. Wadda ta shafi gaɓa kuwa takan bar fiffiken a sandare, kuma shahon da ya rasa ko da kaɗan daga iya juyinsa a sama ba zai ƙara kama abinci ba.

A farkon aikina an kawo mini wani shaho da karaya kusa da gwiwar fiffike. Hoton ƙashin ya nuna mini gaskiya tun ranar farko, amma idonsa yana da rai, yana cin abinci, sai na ƙi yarda da abin da na gani. Na riƙe shi makonni ina canza ɗauri, ina miƙe masa fiffiken da hannu, shi kuwa duk shigowata sai ya faɗa bango da ƙarfi. Ranar da na gwada shi a babban keji, ya tashi daga sanda, ya karkata, ya faɗo ƙasa, ya sake gwadawa, ya sake faɗowa. A ƙarshe na yi masa allurar sauƙaƙa mutuwa da ya kamata in yi masa tun farko, bayan na ƙara masa makonnin tsoro da ba su amfane shi da komai ba. Tun daga lokacin nake tambayar kaina a kan kowace dabba ko don ita nake ci gaba da jinya ko don in huta da nauyin yanke hukunci. Sauƙaƙa wa dabba mutuwa ba tare da azaba ba wani ɓangare ne na aikin, kuma duk wanda zai shige shi ya kamata ya san haka tun kafin ya fara. Akwai waɗanda ake iya ajiyewa har ƙarshen rayuwarsu don koyar da jama'a, amma kaɗan ne masu halin da zai jure zaman keji, musamman waɗanda suka girma a daji.

Wata hasarar kuma ƙauna ce take jawo ta. Hausawa suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma sai ya san gidan nasu tukuna. Ɗan tsuntsu yana koyon ko shi wane ne daga fuskar da take ciyar da shi a kwanakin farko. Masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya nuna haka da 'ya'yan dinya da suka riƙa bin sa tamkar uwarsu. An taɓa kawo mini wata mujiya da wasu mutanen kirki suka raina tun tana tsako. Lafiyarta ƙalau, gashinta sumul, amma da ta ga mutum sai ta sauko tana kukan neman abinci, kuma idan aka haɗa ta da wata mujiya sai ta tsorata. Sakin irin wannan daidai yake da kashe ta da yunwa, ko a bar ta ta sauka a kafaɗar wanda zai buge ta. Saboda wannan matsala ne masu aikin ceto ungulun Kalifoniya, wadda a 1987 guda 27 kacal suka rage a duniya aka kuma kama su duka don kiwo, suke ciyar da tsakin da safar hannu mai siffar kan uwar, suna ɓoye a bayan labule. Abinci ma yana da nasa tarkon, domin ɗan shaho ko mujiya da aka raina da tsokar nama zalla, babu ƙashi babu gashi, ƙasusuwansa sukan yi laushi su lanƙwashe, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Shin akwai amfani?

Akwai masana kare muhalli da suke ganin cewa kuɗi da lokacin da ake kashewa a kan kurciya ɗaya, da a kan kare daji aka kashe su da sun fi amfani, kuma a lissafin jinsi gaba ɗaya suna da gaskiya. Ceton kurciya ɗaya ba ya ƙara wa kurciyoyin duniya komai. Haka nan idan kika ga shaho ya kama tsuntsu, kada ki shiga tsakani, domin shi ma da 'ya'yansa abincinsu ke nan. Amma yawancin abin da yake zuwa hannunmu ba daji ne ya ji masa rauni ba, mu ne: mota, wayar lantarki, gilashi, tarko, ragar kamun kifi, guba da kyanwar gida. Wani bincike da aka buga a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa 4 a kowace shekara a Amurka kaɗai. A ganina, raunin da muka jawo akwai haƙƙinsa a wuyanmu.

Sannan ƙwarewar da ake samu a kan tsuntsaye na yau da kullum ita ce ake dogara da ita ranar babbar masifa. A watan Yuni na shekarar 2000 jirgin ruwan Treasure ya nutse kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu, mansa ya malale, ya ɓata tsuntsayen fengwin, wato tsuntsayen teku da ba sa tashi sama, kimanin 19,000. Dubban masu aikin sa kai suka yi makonni suna wanke su ɗaya bayan ɗaya suna ciyar da su, aka mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari teku. Wannan ya yiwu ne domin akwai mutanen da suka shafe shekaru suna koyon yadda ake riƙe tsuntsu, yadda ake ba shi ruwa, da lokacin da ya isa saki. Wuraren jinya kuma su ne sukan fara lura idan wata guba ko cuta ta ɓulla, tunda a teburinsu gawarwakin suke taruwa.

Daɗin aikin kuwa gajere ne, amma yana da zurfi. Ana kai dabbar wurin da aka tsince ta, mai yawon rana da safe, mai yawon dare da magariba, a buɗe kwali a ja da baya. Wata takan ɗan tsaya tana duban sama, wata kuwa kafin ki ɗaga ido ta ɓace. Ba ta waiwayowa, kuma rashin waiwayen shi ne shaidar cewa ba mu lalata mata tsoron mutum ba. Sai dai in ba an sa mata zobe a ƙafa ko na'urar bibiya ba, labarinta ya ƙare a wurinmu daga wannan lokaci.

Tunda kina so ki koya, shawarata ita ce ki nemi cibiyar jinyar namun daji ko likitan dabbobin da yake karɓar su, ki ba da kanki a matsayin mai taimako. Watannin farko wankin keji ne, da yanka abinci, da auna nauyi, da rubuta abin da kowace dabba ta ci, kuma a nan ne ido yake koyon bambanta tsuntsun da yake hutawa da wanda yake mutuwa. Ki yi allurar rigakafin ciwon haukan kare kafin ki fara taɓa masu shayarwa, ki riƙe littafin da za ki rubuta kowace dabba da yadda ta ƙare, har da waɗanda suka mutu, domin su ne suka fi koyarwa. Kafin nan, ki tanadi kwali da tsohon tawul da safar hannu mai kauri a wuri ɗaya, ki kuma nemo lambar likitan da za ki kira tun yanzu, domin idan wata kurciyar ta sake fitowa daga bakin kyanwa, sa'o'i kaɗan kike da su kafin a fara ba ta magani.